Tukunyar Sabulu da Tukunyar Tuwo

Ni haifaffiyar Birnin Gwari ce, kuma a gidanmu na tashi na tarar ana dafa sabulun salo da ruwan toka da man kaɗanyar da mata ke tsinto 'ya'yanta a wajen dajin Kamuku. Tukunyar sabulu daban take, ko ruwan wanka ba a ɗorawa a cikinta.

Yau fa abin ya sake. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi dajin nan, mata da yawa sun gudo cikin gari da tukunya ɗaya tal, sana'ar sabulu ce ta rufa wa wasunsu asiri. To amma yanzu da soda ake yi, wadda ta fi ruwan toka kaifi nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake yawan tambayata, "Yaya, in na wanke tas ba zan iya miya a ciki ba?"

Ya danganta da irin mazubin, 'yar uwa. Kwanon silba na ainihi ba ya shan komai. Ki bar shi kwana 2 ragowar ta zama sabulu, ki sa safar hannu ki wanke, ki yi ta ɗauraya har santsi da ƙamshi su tafi, sai ki ci abincinki. Tukunyar dalma kuwa, kul! Soda cin ta take yi, ta baƙanta ta, ta yi mata ramuka, har tana fitar da wata iska mai kama wuta. Kada ma ki fara. Muciya da ludayi da tukunyar ƙasa kuma tsotsewa suke, wanki ba ya kaiwa can ciki. Ki ɗaura wa muciyar sabulu jan ƙyalle ki rataye ta nesa da murhu, nawa muciya take?

Amma wallahi abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ruwan soda da ake jiƙawa a kofi ko robar ruwan sha. Garau yake kamar ruwan randa. Yaro ya kurɓa, maƙogwaronsa ya ƙone, bayan makonni ya tsuke har koko ya gagare shi haɗiya. In hakan ta faru, Allah ya kiyaye, kada ki sa shi amai, kada ki ɗura masa manja ko tsami. Ki saɓe shi sai asibiti, ki tafi da ledar sodar likita ya gani.