Wutsiyar Sunan Magani

Da aka ba mu hutun ƙarshen zango na tafi gida Chaza, na iske Kawuna kwance yana fama da tari da zazzaɓi. Shi kuwa Kawu tun yana saurayi aka taɓa yi masa allurar penicillin, jikinsa ya kumbura, numfashi ya nemi gagararsa. Likita ya ja masa kunne kada ya ƙara kusantar wannan magani. Kalmar Turanci ke nan guda da ya riƙe duk rayuwarsa. Ko ina ya je sai ya ce, "Ban da fanisilin."

Aka aiki yaro kemis da wannan gargaɗi. Ya komo da wani kwali mai ban sha'awa, an rubuta suna da manyan baƙaƙe, ya ce mai shago ya tabbatar masa ba penicillin ba ne. Kawu ya ɓare ƙwaya yana jiran a kawo ruwa. Ni kuwa halin ɗalibi, ba na ganin rubutu in ƙyale. Na ɗauki kwalin, sai ga wani ɗan ƙaramin suna ƙarƙashin babban: amoxicillin. Gabana ya faɗi. Na ce, "Kawu, dakata tukuna!"

Abin da ya cece mu darasi ne da malamin kiwon lafiya ya yi mana, wanda a ranar na ɗauka ɓata lokaci ne. Ya ce kowane magani suna biyu gare shi. Babban na kamfani ne, na talla, kowa ya raɗa wanda ya ga dama, kamar Panadol. Ƙaramin shi ne sunan yanka, watau paracetamol, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ke tsara irinsa tun 1953, don likitan Suleja da na Masar su fahimci juna. Ba da ka ake raɗa shi ba. Ana sa masa wata gaɓa, galibi a wutsiya, mai nuna danginsa.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. In ka ji Bakano, Bakatsine, Bazazzagi, ai "ba" ɗin nan ta gaya maka mutumin wani gari ne. Manomi, maƙeri, masaƙi, duk masu sana'a ne. Ko sunan garinmu haka aka ƙera shi: da Abuja ake ce masa, daga Abu Ja, da sabon birnin tarayya ya karɓe sunan sai aka ɗauki Sule na Sarki Sulaimanu Barau, aka bar masa "ja" ɗin.

To, haka magunguna. Albendazole da mebendazole na tsutsar ciki ne. Amlodipine da nifedipine na hawan jini ne, haka atenolol da propranolol, ko da yake hanyar aikinsu dabam. Wani kuwa a goshi zanensa yake: artemether da artesunate na zazzaɓin cizon sauro, daga ganyen Artemisia aka samo su. Wannan ba ya mai da mutum likita, don wutsiya ba ta faɗin yawan da za a sha. Amma duk mai ƙarewa da "cillin", ko ampicillin ne ko amoxicillin, ɗan gidan penicillin ne, wanda jikinsa ya ƙi ɗaya sai ya guji sauran.

Kawu ya yi gardama, ya ce yaushe aka haife ni. Sai da Inna ta sa baki ya ajiye ƙwayar. Da gari ya waye muka tafi asibiti da kwalin. Likita ya duba, ya girgiza kai, ya rubuta masa wani mai ƙarewa da "mycin", wanda ba danginsu ba ne. Kwana shida ya miƙe.

Har yau bai ce na yi daidai ba. Amma ran da zan komo makaranta na ji yana aiken yaro, yana cewa, "Ka gaya masa, ban da duk mai silin a wutsiya."