Gida Biyu A Kan Dutse

Akwai wani dattijo a Sabon Tasha, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda aka haifa a Kagoro kusa da Kafanchan. A 1976 aka tura shi ƙasar Jamus koyon gyaran injuna. Sanyi ya dame shi, abinci bai karɓe shi ba, kewar gida kuwa ta hana shi barci.

Wata Lahadi abokan aikinsa suka ɗauke shi zuwa Braubach, wani ɗan ƙaramin gari a bakin kogin Rhine. A bisa tsaunin garin akwai tsohon gidan sarauta mai ganuwa da ake kira Marksburg, wanda aka fara ambatonsa a takardu tun 1231, kuma abokan gaba ba su taɓa rushe shi ba. Suka hau da ƙafa. Mai yi musu jagora ya nuna musu ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, da matakalar da aka sassaƙa cikin dutse domin dawakai, da ɗakin makamai.

Da dattijon ya leƙa ƙasa ta tagar hasumiya, sai maganar kakarsa ta faɗo masa. Ita ta ba shi labarin yadda mutanen Kagoro suka zauna a kan dutse domin tsoron mahara masu neman bayi, har zuwan Turawa. Ashe, in ji shi a ransa, tsoron da ya hau da kakannin Jamusawa kan tsauni shi ne ya hau da nasa. Bambancin kawai, su sun adana nasu, yara 'yan makaranta suna zuwa kallo. Shi kuwa ko kufan gidan kakansa bai taɓa takawa ba.

Bayan shekaru masu yawa jikansa ya matsa masa su je Kajuru. Daga Sabon Tasha suka bi hanyar Kachia, suka wuce Kujama da Kasuwan Magani. A can, bisa wani dutse, ga gidan da wani Bajamushe mazaunin Kaduna, Gerhard Huebner, ya gina a shekarun 1980 irin na sarakunan ƙasarsu na da, da hasumiyoyi da kurkuku da kauri irin na ganuwa.

Yaron ya ce, "Kaka, wane yaƙi aka yi a nan?"

Dattijo ya ce, "Ba a yi ko ɗaya ba, jikana. Baƙo ne ya gina irin na garinsu. In kana son ganin inda aka yi yaƙi, sai mu tafi Kagoro."

Ran 1 ga Janairu, ranar bikin Afan, suka tafi. Gwiwoyin tsoho suka gaza tun daga gindin dutse, ya zauna a inuwa. Ya kwatanta wa yaron hanya, ya faɗa masa sunan kakan kakansa, ya ce ya tambayi dattawan da zai tarar a sama.

Yaron ya sauko da la'asar, ƙafafunsa duk ƙura. Ya ce an nuna masa wurin, babu abin da ya rage sai dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya. Tsoho ya yi shiru, sa'an nan ya ce masa ya rubuta duk abin da ya gani tun bai manta ba.