Ranar da na shigar da inji cikin shago

Duk mai bi ta layinmu a nan Abbare ya san ƙarar injina tun kafin ya san fuskata. Walda nake yi, ƙofa da taga da get, wani lokaci da gyaran Keke Napep. Injin nan na gwanjo ne, daga Kano na sayo shi, kuma aiki uku yake yi da fetur ɗaya: yana ba da wutar walda, yana ba da lantarki kamar janareto, ga kuma kwamfuresa mai tara iska a tanki don fesa fenti. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, mai irin wannan inji ba ya zaman jira. Na ƙaunace shi ƙwarai, har ta kai na fi kula da lafiyarsa a kan lafiyar mutanen da ke kusa da shi. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

A watan Agustan 2023 ne, damina ta yi tsakiya. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar, kowace lita sai mun yi lissafinta, aiki kuma in ya samu ba a wasa da shi. Ina da get ɗin wani bawan Allah da na yi alkawarin kai masa da safe. Bayan La'asar hadari ya haɗo ta gabas. Na ce wa yarona, ɗan ƙanwata da aka kawo mini koyon sana'a, mu tura injin ciki kada ruwa ya taɓa wayoyinsa. Muka tura shi lungu, na jawo ƙofa saboda feshi, na bar 'yar kafa kamar tafin hannu. A raina na ce ai iska na shiga.

Mun yi kusan awa ɗaya muna aiki sai na ji kaina na sarawa. Na ce zazzaɓin sauro ne zai kama ni, lokacinsa ne. Yaron ma ya ce, "Kawu, jiri nake ji." Na ce masa, "Yunwa ce, ƙarasa goge wannan ƙarfen, in na dawo daga masallaci sai mu ci abinci." Na fita Magariba na bar injin yana aiki.

Da na dawo na tarar da shi kwance a kan benci, ya yi amai, ina kiran sunansa ba ya amsawa. Mai shayin da ke gefenmu ne ya taya ni muka ciccibo shi waje cikin ruwan nan. Nan take mutane suka taru. Wani ya ce a ɗura masa manja, wani ya ce madara, wata tsohuwa ta ce iska ce ta taɓa shi tunda magariba ce. Allah Ya taimake mu wani mai Keke ya ce, "Malam, ku bar surutu ku sa shi a mota." Muka nufi asibiti.

Sun sa masa iskar oksijin, sai cikin dare ya buɗe ido. Likitan ya tambaye ni inda yaron yake kafin ya faɗi. Da na ba shi labari sai ya ce, "Malam, kai ma zauna a duba ka." Shi ya yi mini bayanin da shekaruna a walda ba su koya mini ba. A cikin abin da salansar inji ke fitarwa akwai wata iska da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Hayaƙin da muke gani muna toshe hanci daban, ita daban, ko inji na aiki lafiya lau tana fita. In ta shiga huhu, jini ya fi kama ta sau fiye da 200 a kan iskar da jiki ke bukata, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin rayuwa. Tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, daga nan sai barci. Wanda ta samu yana barci kuwa ba ya ma jin komai. Ya ce manja da madara ba sa cire ta, ɗura wa wanda ya suma abu a baki ma na iya shaƙe shi. Maganin shi ne a fitar da mutum sarari, a kashe inji, a garzaya asibiti.

Da asuba ƙanwata ta iso. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Yaya, sana'a na ce ka koya masa." Har yau maganar nan ba ta bar kunnena ba.

Bayan an sallame shi na zauna na dubi injin nan da sabon ido, na ga sabo ya rufe mini abubuwa da yawa. Sau nawa na ƙara masa fetur yana aiki, don kada walda ta tsaya? Alhali ɗigo ɗaya a kan salansa mai zafi ya isa ya tashi shago. Jarkar man kuma a ƙarƙashin teburin da tartsatsin walda ke zuba nake ajiye ta. Yanzu sai na kashe, ya huce, sannan a zuba, jarka kuma tana can nesa. Na ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara, don wutar fetur ba a watsa mata ruwa, yaɗuwa take yi.

Tankin iska ma haka. Iskar da ake matsawa tana tara ruwa a gindin tanki, musamman da damina, ruwan nan yana cin ƙarfe ta ciki, ba ka gani. Ranar da na fara kwance ɗan famfon da ke ƙasansa, jan ruwa ne mai tsatsa ya zubo. Yanzu kullum in za mu tashi sai an tsiyaye shi. Bawul ɗin da ke sakin iska in ta yi yawa, na san masu ɗaure shi da waya don wai yana damunsu da huci. Wannan kasada ce da rai. Tankin da ya fara yoyo kuwa ba a yi masa faci da walda, ni mai walda nake faɗa, canza shi ake yi. Kuma na hana yara wasa da tiyon iska ko kakkaɓe riga da shi.

Ta wajen walda, duk cikinmu wa bai taɓa kwana yana hawaye ba, kamar an zuba masa yashi a ido? Hasken ne ke ƙona fatar ido, zafin kuma sai bayan awanni yake tasowa. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare shi, sai gilashin walda na ainihi, har da yaron da ke riƙe maka ƙarfe. Ba na walda a tsaye cikin ruwa ko da jiƙaƙƙen safar hannu, wayar da ta kware kuma a ranar ake gyara ta. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko an ce mini babu komai ciki ba na ɗora masa wuta, domin tururin da ya rage shi ke fashewa.

Na san abin da wani zai ce: in ka bar inji a waje, ruwa ya lalata shi ko ɓarawo ya ɗauke. Gaskiya ne, tsoron nan ne ya kai ni ga abin da ya faru. Abin da na yi, na ƙera masa keji na rodi a waje, da rufin kwano da kwaɗo, ko'ina iska na ratsawa, bakin salansa na kallon fili. Kuɗin kejin bai kai abin da na kashe a asibiti ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka na ba da shawarar a nisanta janareto da ƙofa da taga da ƙafa 20, wato kamar mita 6. Gidajenmu a matse suke, amma a yi iyakar nisan da za a iya.

Wannan magana ba ta masu walda kaɗai ba ce. Da zafin Maris da Afrilu, in ka zaga unguwar nan da dare za ka ji ƙananan janareto na kuka a soro, a baranda, wani ma a ƙarƙashin tagar ɗakin da yara ke kwance. Don Allah 'yan'uwa, in mutum biyu ko uku a gida suka kama ciwon kai lokaci ɗaya alhali inji na aiki, kada a tsaya neman maganin zazzaɓi, a fita waje tukuna.

Yaron ya warke, alhamdu lillahi, yana nan tare da ni, hannunsa ma ya fara faɗawa. In hadari ya taso yanzu shi ke fara zuwa ya duba rufin kejin. Wanda ke son ganin yadda muka yi shi ya biyo ta shago, awo kyauta ne. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya sa albarka a nemanmu.