Kwana Takwas A Tsibirin Da Babu Ladan

Ɗan'uwa mai karatu, yau ba amsar tambaya na zo maka da ita ba. Labari ne, kuma mai kuskuren da ke cikinsa ni ne.

A babban hutun makaranta na bara, cikin watan Yuli, ƙanena da ke zaune a Beljiyam ya nace sai na kwaso iyali mun haɗu a ƙasar Girka mun huta. Kada ka ce malam ya yi arziki, shi ya ɗauki mafi yawan kuɗin. Daga Yamai muka bi ta Istanbul da Atina zuwa tsibirin Rodos, daga nan jirgin ruwa ya kai mu wani ɗan tsibiri mai suna Tilos cikin kamar awa biyu: ni da uwargida da yara uku, sai ƙanen nawa da iyalinsa.

Mutanen Tilos duka ba su kai dubu ɗaya ba. Mun sauka a Libadiya, garin da jirgi ke tsayawa: fararen gidaje a gindin duwatsu, da gaɓar teku ta tsakuwa, da ruwa garai-garai har kana ganin yatsun ƙafarka a ƙasa. Tun 1993 aka hana farauta a tsibirin, don haka tsuntsaye sun sake, awaki kuwa suna yawo a kan duwatsu kamar ba su da mai su. Da azahar gari yakan yi tsit, a rufe shaguna, kowa ya shiga ƙailula. Ni da na shekara ashirin ban raba kunnena da wayar ƴan kasuwa ba, a rana ta biyu na manta inda na ajiye ta. Yara suka koyi iyo. Uwargida, wadda ban taɓa ganin ta zauna awa guda hannunta babu aiki ba, ta wuni a inuwa tana kallon ruwa. Da sassafe muke fita bakin teku, kafin masu shanya jiki a rana su fito, don sutura a can ba irin tamu ba ce, kuma ido amana ne. Abinci bai ba mu wahala ba: kifi, naman akuya bayan mun yi tambaya a kansa, burodi, tumatir da cuku da man zaitun. Tsiren da suke kira sublaki ne sai da hattara, domin yawanci naman alade ne.

To, ga inda na tafka.

Da muka sauka, na duba mafitar rana na shimfiɗa darduma. Ka san mu, a bakinmu gabas da alƙibla kalma ɗaya ce, har gawa cewa muke a fuskantar da ita gabas. A Maraɗi hakan ya yi kusa da daidai, domin Makka tana gabas da mu, ta ɗan karkata arewa. Amma Girka tana arewa maso yammacin Makka, saboda haka alƙiblar Tilos kudu maso gabas take, har ma ta fi karkata kudu. Babbar ɗiyata ce ta buɗe ma'aunin alƙibla a wayarta, ta matso a hankali ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, kamar ba can ba ne." Salloli huɗu na riga na ja su.

Ba a nan ta tsaya ba. Waɗannan sallolin, ban da magariba, raka'a bibbiyu na yi su, wai ni matafiyi. Alhali tun a zaure na karanta a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani cewa ana yin ƙasaru ne a tafiyar da ta kai baridi huɗu, wato mil 48, kuma da zarar matafiyi ya ƙudurta zaman kwana huɗu a wuri, ko abin da zai kai salloli ashirin, to cikawa zai yi. Mu kuwa kuɗin kwana takwas muka biya wa mai masauki tun kafin mu baro gida. Ƙasarunmu ya ƙare ne a lokacin da muka shiga garin. Zuciya ce kawai ta haɗa hutu da tafiya ta mai da su abu guda, domin ta ga sauƙi. Na tara yara na faɗa musu cewa na yi kuskure biyu, muka juya wajen wani dutse da ya zama alamarmu, muka sake sallolin. Wallahi faɗar ta fi mini nauyi a kan ramuwar.

Na uku shi ne wanda har yau nake jin sa a ƙirji. A wannan watan rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe takwas, lisha ta kai wajen goma, alfijir kuwa ya keto da huɗu da ƴan mintoci. Daren gajere ne, iskar teku kuma tana da daɗin barci. Ran kwana na uku, hasken rana ne ya tashe ni ta taga. Ban saita ƙararrawa ba, domin tun da na yi wayo ban taɓa bukatar ta ba. A unguwarmu masallatai uku ne ke kira, ga ƙarar ƙofar makwabci, ga motsin buta, ga tarin tsoho mai wucewa. Ashe duk shekarun nan da nake ganin ni mai tashin asuba ne, gari ne yake tayar da ni. Muna cikin alwala a gurguje sai autanmu, ɗan shekara bakwai, ya ce, "Baba, a nan sai rana ta fito ake yin asuba?" Ba da ba'a ya faɗa ba. Tambaya yake, yana son ya san hukuncin wannan ƙasa, kuma daga abin da na yi yake karanta shi.

Daga ranar muka yi tsari. Ƙararrawa biyu, tawa da ta ƙanena, kuma babban ɗana ya zama ladan, yana kira da murya ƙasa-ƙasa a cikin ɗaki don kada a dami makwabta. Bayan salla mukan fita baranda mu zauna har jiragen masunta su fara shigowa. Ka yarda da ni, hutun bai ragu da komai ba. Barcin da muka rasa da asuba mun fanshe shi da ƙailula tare da mutanen gari. A sauran kwanakin muka hau zuwa Mikro Horiyo, ƙauyen da mutanensa suka watse bayan yaƙin duniya na biyu suka bar bangayen duwatsu da cocinsu, muka kuma ga ƙasusuwan ƙananan giwaye da aka gano a wani kogon tsibirin a 1971, tsayinsu kamar na dogon mutum. Auta ya ƙi yarda cewa ba ƴaƴan giwa ba ne.

Babu masallaci a Tilos, don haka ranar Juma'a azahar muka yi a masauki. Sai a hanyar dawowa, a tsohon birnin Rodos, wanda Usmaniyawa suka ci a 1522, muka shiga masallacin Ibrahim Fasha da har yanzu Musulmin garin ke salla a cikinsa. Na tsaya a gaban mihrabin na ga ya fuskanci inda ɗiyata ta nuna mini. Ta kalle ni, ba ta ce komai ba, tarbiyyar uwarta ce.

Ƙararrawar tana nan a wayata a kan huɗu da kwata. A Maraɗi tana riga ladanin unguwarmu, kuma uwargida ta ce mini sau biyu, "Malam, ai mun dawo gida." Har yanzu ban cire ta ba.