Tambayar da Kawu Ya Yi Mini a Jiratawa Game da Jami'ar Maraɗi

Ranar da sakamakon BAC ya fito da sunan ƴata ta fari a ciki, na riga na gama yanke mata hukunci a zuciyata: likita za ta zama. Na daɗe ina koyar da kimiyyar halittu a sakandare, kuma duk malamin da ya ce maka ba ya burin ganin ɗansa da farar riga a asibiti, bai gaya maka gaskiya duka ba. Da muka zauna cika takardu sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ni aikin gona nake so in karanta." Kwana biyu ina amsa gaisuwarta a daƙile, har sai da uwarta ta ce mini in ji tsoron Allah.

A rana ta uku na goya ta a babur muka nufi Jiratawa wajen kawuna, ƙanen mahaifiyata. Niyyata, in ba zan ɓoye ba, ya taya ni hana ta. Na san bakinsa. Ai kuwa yana ji ya bushe da dariya, ya ce, "Amarya, noma ma sai an shiga lakwal? Zo in ba ki hauya yau, kafin kaka kin sami takardar shaida." Na gyara zama, na ce aiki ya yi kyau.

Sai ya miƙe ya ja mu zuwa fegin zogalensa. Ya kamo wani reshe da ganyensa ya naɗe da saƙa kamar ta gizo, ya buɗe, ga ƴar tsutsa a ciki. Ya ce mata, "Kin ga wannan? Shekara nawa ina fesa mata maganin da nake saye a kasuwa, ban ma san sunansa ba. Ganyen nan kuwa shi kuke ci a kwaɗo can Maraɗi. In kin gama karatun, za ki iya gaya mini yadda zan yi da ita?" Sannan ya juyo gare ni: "Mushe, wannan babbar makarantar taku, ta san da mu kuwa?"

Ban ba shi amsa ba. Tun daga ranar nake juya tambayar, kuma ina ganin ta fi ƙarfin gidana. Ta shafi duk uban da ke da ɗa a ajin ƙarshe da duk malamin da ke tura ɗalibai jami'a.

Jami'ar tamu yarinya ce. A zamaninmu wanda ya ci BAC sai ya ɗaure akwati ya yi Yamai, domin jami'ar gwamnati ɗaya ce a ƙasar nan, wadda aka fara a 1971, aka kuma sa mata sunan Abdou Moumouni daga baya. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, a kan harsashin cibiyoyin koyon fasaha da aka riga aka buɗe a garuruwan uku. A 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Tamu tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, masanin ilimin sinadarai wanda ya riƙe ministan ilimi, ya kuma shugabanci hukumar haɗin gwiwar al'adu da fasaha ta ƙasashe masu amfani da Faransanci. A cikinta akwai tsangayar kimiyya da fasaha, da ta aikin gona da muhalli, da ta kiwon lafiya, ga kuma cibiyar fasahar da ke horar da masu aikin gine-gine da lantarki.

Kowace jami'a takan zauna ta rubuta inda take son kaiwa nan da shekara biyar ko goma, da abin da za ta sa a gaba. Mu ma a majalisarmu ta malamai, inda muke shan shayi bayan la'asar, muna da namu tsarin da ba wanda ya tambaye mu. Yawancin abokaina girma ɗaya suka sani: a ƙara tsangayoyi, a ƙara manyan ɗakunan lacca, a ninka ɗalibai, har Maraɗi ta kamo Yamai. Ba na ganin laifinsu. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maraɗi tana da mutum sama da miliyan 3.4, kuma jariran da aka ƙirga a goye a lokacin sun kusa ƙwanƙwasa ƙofar jami'a. Dole a yi musu wurin zama.

Amma ba a tauna taura biyu, balle biyar. Kuɗin da gwamnati ke bayarwa ƙididdigagge ne, kuma duk jikar da ta shiga siminti ba ta shiga kayan gwaji ba. Tsari na gaskiya shi ne wanda ya faɗi abin da za a jinkirta, ba jerin buri kawai ba. A nan ne nake rabuwa da abokaina, kuma dalilina yana Tsibiri.

Matasan yanzu da yawa ba su san labarin ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa wajen 2000, mutanen Tsibirin Gobir sun sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa ne garai-garai, ba wari ba ɗanɗano, an yi murna da samunsa. Ashe sinadarin fuloraid ya yi masa yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 1.5 a kowace lita. Na Tsibiri ya ninka haka fiye da sau uku. Yara dubbai abin ya taɓa: haƙora suka rine, ƙasusuwa suka lanƙwashe, wasu ƙafafunsu suka gwame, wasu suka kasa tafiya sam. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai. Ina da ɗan'uwa ta wajen uba da aka haifa a can cikin waɗannan shekarun. Yau magidanci ne, tela, yana da ƴaƴa masu lafiya, amma in ya tashi daga kan keken ɗinki sai ya dafa bango. Na tuna yadda tsofaffi suka yi ta kai shi wajen masu magani, wannan ya ce iska, wancan ya ce sammu.

Gwajin da zai nuna yawan wannan sinadari a ruwa ba wani abin al'ajabi ba ne. Ɗalibin shekara ta biyu a fannin sinadarai zai iya yin sa, in yana da na'urar da malamin da zai tsaya a kansa. Tsibiri kuwa ƴar tafiya ce daga Maraɗi, mai babur ya je ya dawo kafin shayi ya huce. A lokacin babu jami'a a nan. Yanzu akwai. Don haka in aka tambaye ni mene ne na farko a tsarin girma, zan ce ɗakin gwajin ruwa da ƙasa da abinci wanda ke aiki kullum, da ma'aikacin da ya iya gyaran na'urorinsa, da wutar da ba ta yankewa, wanda magajin gari ko ƙungiyar manoma ko uwar da ta ga haƙoran ɗanta sun canza za ta iya kai masa kwalbar ruwa ta karɓi amsa. Irin wannan ɗakin ba ya kyau a hoto kamar sabuwar ƙofar shiga. Ba a yanka masa kyalle da kiɗa.

Kada a ce mafarki nake, domin an riga an yi irinsa a garin nan. Buhun nan mai ruɓi uku na ajiye wake da ake kira PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ƙwaro ke mutuwa a cikinsa don rashin iska ba tare da an zuba magani ba, masu bincike na tashar INRAN ta Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi suka yaɗa shi tare da Jami'ar Purdue ta Amurka. Ɗaya daga cikinsu, Farfesa Ibrahim Baoua, masanin ƙwari, malami ne a jami'ar tamu. Shi da abokan aikinsa sun yi aiki kuma a kan murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar gero: ana kiwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, a sa shi cikin ƴan buhunan algarara a kai ƙauyuka, ya fita ya riƙa kashe tsutsar. Haka sassaben zamani, wato barin kututturan itatuwa su sake tofowa a gona ana yi musu aski, a ƙasar Maraɗi ya kankama cikin shekarun 1980, yau kuwa ana koyar da shi a ƙasashe da dama. Duk inda sunan Maraɗi ya fita duniya ta fuskar ilimi, ta ƙofar gona ya fita. Wanda ke da irin wannan gado bai kamata ya tsaya kwaikwayon babban birni ba.

Wani abokina, malamin tarihi, ba ya yarda da ni, kuma ba ya rasa hujja. Cewa yake jami'a ba ofishin malamin gona ba ce. Maraɗi garin fatauci ne. Ga iyakar Ɗan Isa, ga layin dogon da Nijeriya ta fara shimfiɗawa a 2021 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa nan. Wa zai rubuta yarjejeniyoyin, wa zai riƙe lissafin, wa zai tsaya a kotu? Kuma, in ji shi, wanda aka hana shi lissafi da kimiyya tsantsa don wai ba sa kashe tsutsa, gobe ba zai iya ƙera komai ba. Na sallama masa rabin maganar. Ɗakin gwajin da nake kira ma ba ya tsayuwa sai da masu lissafi da masu kimiyyar sinadarai. Abin da ban sallama ba shi ne a buɗe sabon fanni kafin a sami malamansa. Horar da malamin jami'a ɗaya, daga digirin farko zuwa na uku, shekara takwas ne a tsarin LMD in komai ya tafi daidai. Gini kuwa wata goma sha takwas ya ishi ɗan kwangila. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son tsangayar shari'a mai daraja nan da shekara goma, yau ya kamata ya tura matasa su karanto.

Akwai kuma abin da mu iyaye muka fi ji a jikinmu, wanda masu rubuta tsari kan ɗauka ƙaramin abu ne: kalanda. Kowa ya tuna yajin aikin da malaman jami'o'in gwamnati suka yi ta yi a 2018 da 2019 kan ko zaɓen shugabannin jami'a za a riƙa yi ko naɗa su. Ko wa ke da gaskiya a waccan rigimar, uban da ya sayar da rago ya biya hayar ɗaki shi ya san tsawon shekarar da ta ƙi ƙarewa. Ga ƴa mace abin ya fi muni. Duk watan da aka ƙara tana zaune a gida, wata gwaggo ce za ta zo da maganar wani ɗan'uwa mai shago. Ni da nake cikin gari ƴata za ta kwana a ɗakinta. Wanda ke Dakwaro ko Mayahi ko Tasawa, in babu amintaccen makwancin ƴan mata, ba zai turo tasa ba ko da ita ce ta ɗaya a jiha. Shi ya sa gadon kwana ɗari na ƴan mata ya fi mini sabon ofishi, nesa ba kusa ba.

In na tsaya a nan na yi son kai, don mu ma malaman sakandare muna da namu kason. Na koyar da yara yadda ƙwayar halitta take shekara da shekaru da alli kawai. A wata makarantar da na yi aiki akwai madubin ƙara girman abu guda biyu a kulle cikin kabad, ni kuma ban taɓa matsawa a ba ni mabuɗin ba, don zana hoton a allo ya fi sauƙi, kuma shi ake tambaya a jarrabawa. Waɗannan yaran su muke turawa jami'a, sannan mu zauna a majalisa muna cewa ba ta fitar da masu bincike. Da za a ce malaman kimiyya na jihar nan su riƙa zuwa jami'a mako biyu a kowane dogon hutu, su taɓa kayan gwaji da hannunsu, ni zan fara rubuta sunana, ko ba kuɗin zama.

Wutar lantarki ma darasi ce. Da Nijeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, kowa ya ga yadda rayuwar garin ke rataye da waya ɗaya. Gonakin Jiratawa, da aka tsara tun farkon shekarun 1980, da injin ake jawo musu ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, kuma kawu bai taɓa zama da ni ba tare da ya yi kukan kuɗin ruwa ba. Ga masu koyon lantarki a jami'a, ga rana tana dukan mu kyauta wata goma sha biyu. Ɗaliban da za su rubuta kundin kammalawa a kan injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, a fegin kawu ya kamata su rubuta shi, kuma su koma su faɗa masa sakamakon da Hausa.

Ƴata ta shiga tsangayar aikin gona. Ni na kai ta ranar rajista, na tsaya a layi tare da wasu iyayen da suka kwana a tasha. A hutun farko da ta samu ta roƙe ni kuɗin mota zuwa Jiratawa. Ta tafi da wata tsohuwar kwalbar mayonis da ta huda murfinta da ƙusa, ta dawo da tsutsa huɗu da ganyen zogale a ciki, ta ajiye a tagar ɗakin girki, uwarta tana ta faɗa. Ta ce za ta nuna wa malaminsu. Kawu kuma ya aiko ta da saƙo gare ni: wai in gaya wa hukumar makarantar cewa yana jira, kuma damina ba ta jira.