Yadda Na Kashe Batura Biyu da Hannuna

Na so in yi muku maganar sanyi ko ta abinci kamar yadda aka saba a wannan fili, sai na ga gara in ba ku labarin wata asara da na yi, wadda saura ƙiris ta haɗa da gidan mutane.

Duk wanda ya tashi a gida ya san dokar nan: idan aka kawo wuta, a caja komai. Umma takan tashe mu ko da ƙarfe biyun dare ne, ta ce, "Ku tashi an kawo wuta, ku sa waya da fitila a caji." Da wannan tarbiyya na zo arewacin Ingila karatun safiyo da zanen taswira, kuma da ita na riƙe ɗan jirgi marar matuƙi da na saya na hannu, da kuɗin da na tara ina aikin dare a wani sito. Aikin bincikena a kan gaɓar Holderness yake, a gabashin Yorkshire, inda teku ke cin ƙasa kusan mita biyu duk shekara. Ba hoto daga sama, ba bincike. Jirgin ya zo da batura uku irin waɗanda ake kira LiPo, kowanne mai ɗaki huɗu a ciki.

Da hutu ya zo zan tafi gida na wata uku, sai na yi abin da na ɗauka shi ne kulawa. Na cika biyu fal, na jera su a kan taga inda rana ke bugawa, don in dawo in tarar da su a shirye. Na ukun na manta da shi a jaka da rabin caji. Da na dawo, biyun nan sun kumbura kamar fanke. Wanda na manta da shi kuwa lafiyarsa ƙalau.

Abokin zamana, wani yayanmu daga zangon Kumasi da ke karatun injiniyan lantarki, ya shigo ya same ni ina latsa ɗaya da yatsa. Ya daka mini tsawa. "Kai ƙanena, ajiye shi! Kana so ka ƙone mu ne?" Na ce, "Yaya, ai cajinsa ma bai sauka ba." Ya ce ai shi ne ciwon. Muka zuba yashi a wani tsohon bokitin ƙarfe, muka sa su a ciki, muka fitar bayan gida. A benen da ke samanmu akwai mata da miji da jariri, kuma matakala ɗaya ce a gidan. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Washegari ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Kowane ɗaki a batirin idan ya cika yana kan volt 4.2, wato 16.8 ke nan a nawa. Idan aka bar shi a haka tsawon makonni, ruwan sinadarin da ke ciki yakan fara lalacewa yana fitar da iska, zafi kuma yana ƙara wa abin sauri. Iskar ce kumburin. Idan kuma aka zuƙe shi ƙasa da volt 3, nan ma ya samu illa da ba ta gyaruwa. Inda ya fi son zama shi ne wajen 3.8, kamar rabin caji ko sama kaɗan, a wuri mai sanyi-sanyi marar laima. Abin da ya fi ba ni haushi, cajar tawa tana da wurin da ake dannawa ta kai batir daidai wannan matsayi na ajiya. Wata takwas ina kallon rubutun ban taɓa tambaya ba. Baturan kamfanoni irin su DJI sukan rage wa kansu caji bayan 'yan kwanaki, amma nawa ba su da wannan wayo, ni ne ya kamata in zama wayonsu.

Na yi ƙoƙarin yin gardama, na ce ko a huda su iskar ta fita. Ya dube ni ya ce, "Ka tuna Galaxy Note 7 da aka hana shiga jirgi da ita a 2016? Wannan ya fi nata girma sau da yawa." Batirin da aka huda yakan kama da wuta, ɗaki ɗaya ya kunna na kusa da shi. Ko a kwandon shara ba a jefa su, don sukan tashi a cikin motar kwasar shara. Ranar Asabar muka kai su wurin karɓar irin waɗannan kaya na ƙaramar hukuma.

Da batir ɗaya na shiga aikin fili a watan Nuwamba, kafin in sake tara na sayen wasu, nan kuma sanyi ya koya mini nasa darasin. Batir mai sanyi ba ya bayar da ƙarfinsa yadda ya kamata. Ina kallon allo yana nuna akwai saura, iska ta taso daga teku, na ƙara wuta, sai ƙararrawa ta fara kuka. Da ƙyar na sauke jirgin a cikin taɓo, 'yan taku kaɗan daga bakin gaɓa. Tun daga ranar, a aljihun cikin rigar sanyi nake ɗaukar batura har lokacin tashi, kuma ina sauka da saura kamar kashi 25 cikin 100. Bayan an sauka ina barinsu su huce kafin caji, ba na caji a kan katifa ko kafet, ba na kuma fita ko in kwanta in bar su a wuta. Wannan na ƙarshen shi ya fi mini wuya, don a gida cajin dare muka sani.

Ga masu niyyar tafiya da jirginsu gida ɗaukar hoton biki ko gona: batura a jakar hannu ake sa su, ba a akwatin da ake aunawa ba, a rufe bakinsu da salatif. Wanda bai wuce awa-watt 100 ba yawanci ba matsala, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin. Kuma kada a bar su cikin mota a ranar watan Afrilu a Kano.

Da na je gida hutun da ya biyo baya, daren farko aka kawo wuta. Umma ta leƙo ɗakina ta ga batura uku a cikin akwatin ƙarfe, ta ce, "Auta, ba za ka sa waɗannan ba?" Na ce, "Umma, waɗannan ba sa son ƙoshi." Ta girgiza kai ta ce lallai kayan Turawa sai su, ta miƙo mini wayarta in sa mata.