Baƙon da ya zo da garkensa

Mu ƴan Barmu ba sai an koya muna abin da ake nufi da baƙunci ba. Da wuya ka shiga gida a garinmu ba ka taras da wani nasu yana Abijan, Libiya ko Aljeriya ba. Da kuɗin ƴan bida ake sayen hatsi in rumbu ya ƙare. Ni kaina, kuɗin littattafaina na kwaleji daga Abijan suke zowa, daga hannun kawuna.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji abokan karatu na cewa wai baƙi sun zo su cinye muna ciyawa. To, kawuna fa? Can inda yake, mi ake ce mashi?

Ku tuna Intikan, cikin yankin Tiliya. Bayan yaƙin arewacin Mali ya ɓarke a 2012, gwamnati da HCR suka buɗe wurin a 2013. Ba a killace mutane cikin sansani ba, an bar makiyaya su zauna da bisashensu su yi kiwo. Mai garke ba ya zaman jiran tallafi kawai: yana saida rago da nono, ya sayi gero da shayi a kasuwa. Ruwan famfo, lakwal da gidan likita da aka samar, ƴan ƙasa ma sun amfana da su. Ranar 31 ga Mayu 2020 ƴan bindiga suka kai hari, suka lalata hanyar ruwan. Ƙishirwar da ta biyo baya ba ta tambayi kowa takardar ɗan ƙasa ba. A 2021 aka rufe wurin.

Na san ciyawa da ruwa sun yi ƙaranci a Adar, kuma in garke ya faɗa gona ana rigima ta gaske. Amma tun 1993 muna da dokar karkara, akwai kwamitocin filaye da hakimai da aikinsu shi ne shata burtali da raba gardama. Su ya kamata mu matsa ma lamba.

Ƴan uwa ɗalibai, gobe wasunmu ne za su zauna kujerun magajin gari. Kafin nan, in hutu ya zo, kowa ya tambayi wanda ya dawo daga Libiya a 2011 yadda aka riƙe shi can, da yadda ya so a ce an riƙe shi.